Yadda Kaset Ya Cinye Tatsuniyar Jibo

Duk wanda yunwa ta taɓa kamawa a tashar motar Maraɗi a waɗancan shekaru ya san Jibo, ko da bai riƙe sunansa ba. Ɗan daudu ne dogo, kullum da zane a ƙugu, yana suyar kaji, bakin nan kuwa ba ya hutawa. Direbobi su tsokane shi, shi kuma ya rama har sai sun riƙe ciki don dariya. Mutumin Tsibiri ne, amma tun yana saurayi gidan ubansa ya yi masa zafi, ya shigo birni.

Abu ɗaya ya ɗauko daga gida, wata tatsuniya da kakarsa ke yi musu shi da ƙanwarsa Zalihatu. Wai wani dodo ne ya tare hanyar gulbi, in namiji ya bi ya haɗiye shi, mata kuwa ya bar su su wuce. Sai wani saurayi ya ɗaura zane, ya ɗauki tulu, ya shiga cikin mata yana yanga, ya soke dodon da wuƙar da ya ɓoye. Sarki ya ba shi riga da rawani, ya ce a'a, zanen nan ya fi masa daɗi. Gari ya ce to, a ƙyale shi. Haka ya tsufa cikin mata yana daka yana waƙa, ba mai ce masa kanzil. Ko haka tatsuniyar take tun asali, ko tsohuwar ce ta dubi jikanta ta gyara masa ita, oho. Jibo dai da ita ya rayu, zamanin samariya har wasan kwaikwayonta ya yi, ana ta tafi.

Sai dimokuraɗiyya ta zo da jam'iyyu da yajin aiki. Albashi ba ya fita, samari sun cika gari ba abin yi, kowace kusurwa mai wa'azi da lasifikarsa, kowane lungu gidan bidiyo. A lokacin ne Salim, ɗan wani alhaji mai fatauci zuwa Kano, ya sawo kamara ya ce shi ma fim zai yi, kuma tatsuniyar Jibo yake so, Jibo ne zai fito saurayin. Kai, ranar nan Jibo ko kajinsa bai iya juyawa ba don murna. Abin kakarsa zai shiga kaset, ko bayan ransa yana nan.

A gonakin Jiratawa aka yi ɗaukar, da rana tsaka. Jibo ya ce ai ba a tatsuniya da rana, aka yi masa dariya. Ranar ƙarshe Salim ya ja shi gefe.

"Jibo, malamai na kallo fa. In ka kashe dodo kuma ka zamna da zanenka lafiya lau, wa za shi sayen kaset ɗin?"

Ya ce a ɗauki ƙarshe biyu, nasa da na Jibo, daga baya a zaɓa. Jibo, bawan Allah, ya yarda. Aka sa samari suka yaye masa zane, suka kayar da shi, suka rufe shi da tsumagiya yana kukan ya tuba. Dukan ma ba duka ne na wasa ba, wasu cikinsu sun daɗe suna neman dama.

Da kaset ya fito, babu ƙarshen Jibo ko alama. Ya karɓu kuwa, tir da wannan kasuwa! Daga Sabon Gari har ƙauyuka wurin dukan nan ake ta maimaitawa. In Jibo ya bi hanya sai a bi shi da kukan tuban nan, da muryarsa sak. Ya je gidan su Salim har ya gaji, kullum maigadi ya ce ya yi tafiya.

Shekarar da aka ƙone mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi, gayyar masu ƙone-ƙonen ta biyo ta tasha. Ba baƙi ba ne, da yawansu sun ci kajinsa. Suka kifar da kaskon mai a hannunsa, suka cinna wa rumfar wuta, sannan suka yi masa yadda suka gani a bidiyo, bi da bi, ba su tsallake komai ba. Ba su sake shi ba sai da ya yi musu kukan.

Zalihatu ce ta karɓe shi a Tsibiri. Mijinta ya kafa sharaɗi: riga da wando da hula, kada ya kusanci murhu. Jibo ya koma noman hatsi da ƙonannen hannu, ya zama shiru-shiru, abin tausayi.

Wata rana bayan an ci tuwo yaran gidan suka dame shi sai ya yi musu tatsuniya. Ya yi ta ƙi, can dai ya fara, murya ta dawo masa, har yangar saurayin ya gwada da kafaɗa. Da ya zo inda gari ya ce a ƙyale shi, sai Mansura, babbar ɗiyar Zalihatu, ta katse shi.

"A'a, Kawu, ba haka ba ne. Tuɓe shi anka yi, anka yi mai duka. Mun gani ga bidiyo."

Jibo ya ce haka kakarsu ta faɗa. Yara suka ce ƙarya ce, suna ƙyalƙyala dariya. Ya juya ya dubi Zalihatu, don ita kaɗai ta rage a duniya da ta ji ta daga bakin tsohuwar, tabarma ɗaya da shi. Mijinta na zaune bakin ɗaki yana jin komai. Ba ta ɗago kai daga kwanukan da take wankewa ba.

"Yaya, ka ida musu yadda sunka sani."

Jibo ya juyo wurin yaran. Sannan ya mayar da saurayin gaban sarki, ya sa aka yaye masa zane, aka kayar da shi. Da ya zo wurin kukan bai ma buɗe baki ba, yaran suka yi masa.