Gwangwanin da Na Rufe a Rumbun Inna Tamu

Shekarar da manyan motocin gyaɗa suka fara zuwa Dogon Dutsi, a zamanin Nasara, ita ce shekarar da na bar gonar mahaifina na shiga leburanci. Kafin nan ni manomi ne kamar kowa, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Yau ga ni da furfura ina zuwa karatun manya, hannuna ya fara sabawa da alƙalami. Saboda haka, samari, bari in rubuta muku abin da ya same ni.

Wani kamfani ne ya ɗauke mu. A bayan gari muke tara buhunan gyaɗa da na wake kafin mota ta kwashe su. Idan ƙwari suka shiga, sai a lulluɓe tarin da tamfal, a danne gefensa da yashi, a huda wasu ƙananan gwangwanaye a ƙarƙashi. Abin da ke ciki da ya fito sai ya zama hayaƙi wanda ido ba ya gani, ya kashe duk abin da ke numfashi. Babbanmu, Baba Gado, shi ke tsare lamarin. Ranar buɗewa yakan watsa ƙaiƙayi sama. In iska ta nufi gari, a fasa. In ta nufi daji, mu ba ta baya, mu ɗaga tamfal kaɗan-kaɗan. Mukan tsokane shi, "Baba, yau ma shiƙa za ka yi kamar amarya?" Ya ce, "Ku yi dariyarku tun da sauran numfashi."

Da gyaɗa na fara sata. Buhu ya yage, in cika aljihu, in ce ai ta ƙasa ce. Daga baya ni ke yaga buhun. Sai na lura yadda mutanen ƙauye ke kukan ƙwari sun cinye musu wake. Na fara ɓoye gwangwani a hammata. Ranar hutu in sa wankakkiyar riga in shiga ƙauyuka, in ce kamfani ya aiko ni. In hau rumbun laka, in huda gwangwani, in jefa ciki, in liƙe murfi da taɓo, a ba ni akuya ko zabi. Ban taɓa gaya wa kowa yadda ake buɗewa ba, don ni kaina ban damu in sani ba.

Cikin waɗanda na yi wa haka akwai Inna Tamu, wata tsohuwa a wani ƙauye kan hanyar Lugu. Ta dama mini fura, ta ce, "Ɗana, ka kyauta. Wanga wake na sunan jikana ne, matar ɗana ta kusa sauka."

Wata safiya muka buɗe tamfal, sai muka tarar da karen maigadi a mace cikin wani kwari kusa da tarin. Baba Gado ya tara mu ya ce, "Kun gani? Abin nan nauyi gare shi. In ya sami rami kwanciya yake yi kamar ruwa, ba ya fita sai an fitar da shi." Nan take na tuna rumbun Inna Tamu. Rumbun laka ai rami ne a tsaye, ƙofarsa a sama, kuma mace sai ta sauka cikinsa take ɗiba. Jiya-jiyan nan a kasuwa aka gaya mini matar ɗan Inna Tamu ta haihu, suna gobe. Ke nan yau za ta shiga ɗibar wake.

Na san in na yi magana kaso zan tafi. Na tsaya da buhu a kai, ina jin ɗanɗanon furar tsohuwar nan a bakina. Sai na jefar da buhun na zura da gudu. A bakin kasuwa na ga jakin wani a ɗaure, na kwance na haye. Mai shi na ihu, "Ɓarawo!" Na ce a raina, yau kam ka faɗi gaskiya.

Na isa na tarar an jingina tsani, an ɓalle murfi, Inna Tamu ta ɗaure zane ta taka matakin farko. Na faɗo daga kan jaki na rungume ƙafarta.

Ta ce, "Kai, mi ya same ka? Sakar mini ƙafa, ni ba budurwa ba ce!"

Mata suka fashe da dariya. Na ce, "Inna, ba kamfani ya aiko ni ba, sata na yi. In kin shiga ba ki fitowa." Ba su yarda ba, sai da na sa kaza a kwando na zura cikin rumbun da igiya. Da na jawo ta, ta miƙe ƙafafu.

Ba a jima ba ga Baba Gado da mai jaki da gardi, wato ɗan sandan Nasara, sun biyo sawuna. Baba bai ko dube ni ba. Ya watsa ƙasa ya ga iska, ya fitar da kowa waje ta gefen da take fitowa, har mai jego da jariri. Sannan ya sa aka huda gindin rumbun da dogon gora daga nesa, aka bar shi ya sha iska. Ni kuma na faɗi sauran gidajen da na shiga. Da igiya a ƙugu gardi ya zagaya da ni ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ya sa ba wanda ya riga ya buɗe nasa. Ban taɓa ganin ɗaurarre mai farin ciki kamar ni a ranar ba, har gardin ya ce, "Kai, in kana murmushin nan mutane za su ce ni ka kamo."

Kumandan, Baturen mulki, ya yanke mini ɗauri, na fasa dutse na share hanya. Da aka sallame ni, ƙauyen nan na fara zuwa neman gafara. Inna Tamu ta kira jikanta, yana ta gudu tsirara, ta ce, "Ga mahaukacin da ya hana a ci wake ranar sunanka. Gaishe shi." Ta zaunar da ni ta ba ni tuwo. Na koma gona, ban ƙara taɓa abin wani ba.

Samari, kada ku raina ɗibar aljihu, da ita na fara. Maganin da ba ku san yadda ake fitar da gubarsa ba, kada ku kai shi gidan mutane, ko kyauta aka ba ku. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku ruga ku faɗa tun ana iya tare ta.

Ga abin da aka yi hasara: kaza ɗaya, waken rumbu biyar da aka binne don tsoro, damina biyu da ban yi noma ba, da yarinyar da nake nema, wadda na tarar tana goyon ɗan wani. Mutum kuwa, ko ɗaya.