Baba Mai Reza, Wanda Ya Ƙi Yanke Numfashi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu karanta labarai su gama hamma, Baba Mai Reza ya riga ya buɗe ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda a gidan rediyo. Ya goge na'ura da auduga, ya ɗora tef, ya maƙala tabarau a karan hanci. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ban taɓa jin an ambace shi a ƙarshen wani shiri ba.

Aikinsa gyaran murya ne. In ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, Baba zai murza tef da yatsa har kunnensa ya kama wurin, ya datse da reza, ya liƙe. Ruwan saman da muke ji a wasan kwaikwayo muna yara, yashi ne yake zubawa a faranti. Ƙofar nan mai kuka in mugu zai shigo kuwa, ta ɗakinsa ce. Har faɗa ya yi da kafinta don kada a sa mata mai.

Sai kwamfuta ta zo da ruwan sama kala hamsin, dannawa ɗaya. Abokan aiki suka sa shi gaba: "Baba, a kai rezar nan shagon aski mana!" Ya yi dariya, ya zauna ya koyi kwamfutar da furfurarsa.

Damuwarsa ɗaya ce: kwali goma sha biyu na tef ɗin marigayiya Goggo Mai Tatsuniya. Tef ya fara marmashewa, kuma an ce da ya yi ritaya ƙarshen wata za a kwashe ɗakin. Duk wanda bai juye a kwamfuta ba, shi ke nan.

Injiniyar sashen ta tausaya masa. "Baba, kawo manhaja ta wanke su. Za ta cire tari da jan numfashi da duk shirun nan, mu gama da wuri."

Ya bar ta ta gwada guda, shi ma ya juye tef ɗin yadda yake, ya ajiye nasa a gefe.

Ana haka 'yar Goggo, wadda ita ma ta yi jikoki, ta zo neman muryar mahaifiyarta. Aka sa mata wankakken. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Muryar tata ce, amma kamar ana korar ta. Inna ba ta sauri haka."

Baba ya sa nasa. Sai ga ƙarar awarwaro, sai ɗan tari, sai dogon numfashi kafin kura ta fito a tatsuniyar.

"Nan ne!" in ji ta. "Nan take tsayawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu ƙanƙame juna." Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Daga ranar injiniya ta jawo kujera kusa da Baba, suka dinga juyewa yadda yake so. Kwali goma sha ɗaya suka ceto. Na ƙarshen ya riga ya zama gari, kuma har yau abin na damun sa.

Kai ne, Baba, ka san wani lokaci shirun da ke tsakanin kalma da kalma shi ne labarin. Kai ne ka yi rayuwarka kana yanka, amma ka san inda ba a sa reza. Jiya, bayan ka yi ritaya, na bi ta barandar, na tarar an yi wa ɗakinka fenti, wani kuma ya sa wa ƙofar mai. Wallahi kewarka ta kama ni.

Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu haɗa labari a waya da kwamfuta, ku je ku naɗi tsofaffinku tun suna nan. In kun zo gyara kuka iso inda tsohuwa ta tsaya tana jan numfashi, ku ɗauke hannu. Wata rana wani zai zo neman uwarsa a wurin.