Ranar da Kaka Ta Murɗe Hula

Ni dai tun ina ƙarama Allah Ya yi ni da shegen son sanin dalili. Idan mutum ya yi abu, ba abin da ya yi ne ke damuna ba, abin da ya tunzura shi nake bi. Har suna aka laƙaba mini a gidanmu na unguwar Lamisula, wai Yagana Me-ya-sa. To ina da shekara tara na gamu da tambayar da ta fi ƙarfina, kuma a tsakar gidanmu.

Babanmu mai wankin hula ne. Rumfarsa tana bakin titi ƙarƙashin wata bishiyar maina, kuma duk unguwa an san hular da ta bi ta hannunsa, don za ka gan ta tsaye ƙyam a kan mai ita har ta sake yin datti. Saura mako biyu Babbar Sallah, wani alhaji da ya shekara ashirin yana kawo masa aiki ya zo da huluna cike da leda, ya wuce rumfar ko sallama babu, ya tsallaka titi ya miƙa wa wani mutum da Baba da kansa ya koya wa sana'ar. Baba ya rufe rumfa da rana tsaka, ya dawo gida, ya shige ɗaki ya saki labule. Daga ranar masallaci kaɗai ke fito da shi.

Ga hulunan Sallar mutane jibge a rumfa, masu su har sun fara sallama a ƙofar gida. Kuma a garin nan, mai wankin da ya bar magidanta suka tafi Idi da tsohuwar hula ya gama sana'a, ba wanda zai sake waiwayarsa. Innarmu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce a kan mutum ɗaya tak za ka zubar da sunanka? Ta karɓo rubutu ya sha. Ƙanensa ya zo ya ce zai saya masa sabon dutsen guga ya gyara masa rumfa. Baba ya ce to, ya juya fuskarsa bango. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai: mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita, me ya kwance masa gwiwa haka?

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, Kaka, mahaifiyarsa. Baba ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Ba ta faɗar sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Idan ya durƙusa gaishe ta da safe, sai ta amsa da kalma biyu tana kallon kaji. In dole ta ambace shi, sai ta ce "mai gidan nan". Mu yara mun ɗauka ba ta son shi ne kawai.

Al'adarmu, bayan sallar magariba idan an sauke biski, Kaka takan kwashi garwashin da ya rage a kasko, ta zauna ƙofar ɗakinta tana soya mana gyaɗa tana tatsuniya da ƙaramar murya, sai mun matso mu ji. A wannan makon sai ta ce sauro ya dame ta a can, ni da yayana Modu mu ɗauko kaskon mu ajiye a ɗaya gefen. Gefen kuwa daidai tagar Baba ne. Ta gyara zama, ta buɗe da irin nata salon: "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Muka ce mu ne, ta sauka a gidanmu. Muryar da ta fito da ita ranar, wallahi maƙwabta ma sun sha tatsuniya.

Ta ce an yi wani Kunkuru a bakin kogi, shi ke wanke wa dabbobin dawa huluna. Ran nan Zaki ya wuce shi ya kai wa Biri tasa. Kunkuru ya ji haushi, ya janye kai da ƙafafu ya shige ƙoƙonsa. Modu ya fara ƙyalƙyala dariya, Kaka ta ɗana masa mintsini a cinya ba tare da ta dube shi ba. Ta ce sai Yunwa ta zo ta yi sallama, ta ce Kunkuru fito, 'ya'yanka ba su ci ba. Daga nan Kaka ta yi shiru tana juya gyaɗa, kunnenta na wajen taga. Ba motsi. Sai ta ce Kunkuru bai fito ba, ta ɗaure tatsuniyar a nan, kada akuya ta cinye ta kafin gobe.

Washegari Kunya ce ta zo, ta ce duk dawa ana zancenka. Rana ta uku Kishi ya zo, ya ce Biri har ya yi sabuwar rumfa. Aka aiko Tsoro, aka aiko Kwaɗayi da tulun zuma, aka aiko Yabo da maroƙa. Kullum baƙo ɗaya, kullum shirun nan na sauraro, kullum Kunkuru na ciki. Na gaji na ce, Kaka, me ya sa ba wanda ya iya fito da shi? Ta ce, "Ke Me-ya-sa, mutum ba jaki ba ne da sanda ɗaya ke kora kowanne. Kowa da abin da ke tashinsa, ni ma nema nake."

Kwana tara ana haka. Rana ta goma, saura kwana huɗu Sallah, Kaka ta ce yau ba baƙo, labarin Biri za ta ba mu, mu ji gwaninta. Ta ce Biri ya tafasa ruwa, ya zuba farar hula da mai jan zare a tukunya ɗaya. Ya tsamo su ya murɗe kamar zanen goyo, ya shanya a igiya, ya danne da dutsen guga. Kai, in ji ta, hulunan nan suka fito gwanin kyau, dabbobi suka ce ashe haka ake yi, Kunkuru ɓata mana lokaci yake.

Sai muka ji gyaran murya daga taga.

"Yagana, gaya wa mai tatsuniya ba a murɗe hula."

Kaka ba ta ɗaga kai ba. Ta ce da ni, "Gaya wa mai gidan nan, a dawa haka suke yi, kuma ba wanda ya mutu."

Labule ya ɗaga. Baba ya fito da tsohuwar hularsa a hannu, ya ce in kawo ruwan sanyi da sabulu da buroshi. Ya tsuguna gaban kaskon, mu yake kallo amma kowa ya san da wa yake, yana nuna yadda ake bin zare a hankali, yadda ake matse ruwa da tafin hannu, yadda ake ɗora ta a kan kututturen da aka sassaƙa kamar kai ta bushe a tsaye. Yana yi yana mita, wai jan zare da ruwan zafi, ai wannan ɓarna ce. Da asuba ya buɗe rumfa. Kwana uku da mu da Innarmu muna taya shi, kowa ya tafi Idi da hularsa.

Na girma na zama malamar firamare, na riƙe wannan a matsayin babban sirrina: abin da yunwa da kunya suka kasa, ganin ana ɓata abin da mutum ya iya yakan yi shi. Har amfani nake da shi a aji. Idan yarinya mai ƙoƙari ta yi zuciya ta daina magana, sai in yi kuskure da gangan a allo, in jira. Sau da yawa takan kasa daurewa.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, wata rana da hantsi na biya rumfar Baba, ya tsufa, sai dai ya zauna yana duba aikin wasu. Na ba shi wannan bayani nawa ina ji da kaina. Ya yi dariya har da tari, ya ce karatun nawa da saura.

"Ni fa haushin alhaji ya sake ni tun kwana na uku," in ji shi. "Amma shekarata arba'in da biyu a duniya, uwata ba ta taɓa yi mini magana mai tsawo haka ba. In na fito, ta ƙare. Shi ya sa na kwanta ina saurare."

Na ce to ita ba ta gane ba? Ya ce yaya ba za ta gane ba, ita da ke ganin kwanon abincinsa yana dawowa wayam? Ta sani sarai. Ita ma ba ta so ta ƙare ba ne, shi ya sa ta yi ta kirawo baƙi ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga Sallah ta matso, hulunan mutane na jira, sai ta murɗe hular nan da kanta don ta ba shi hanyar fitowa ba tare da ya ji kunya ba.

Shekara da shekaru ina tsammanin na kama dalilin, ashe na waje na kama, wanda suka bari mu yara mu gani. Tun daga ranar na rage saurin cewa na san abin da ya sa wani ya yi kaza, ko a aji ko a gidana. Na tambayi Baba ko bayan Sallar ta sake yi masa magana irin wannan. Ya ɗauki wata hula yana duba bakinta, ya ce a'a, washegari ta ce sauro ya ragu, aka mayar da kaskon ƙofar ɗakinta. Kwana goman nan su ke nan abin da ya samu, kuma har yau yana iya jero baƙin Kunkuru a jere, bai manta ko ɗaya ba.