Ƙaho a ƙafar autana

Shekarar da gulbi ya cinye lambunan Gamkalle, kafin gobarar kasuwarmu, a ita ce ƙafafun autana suka fara mutuwa. Tela ne a Zongo. Yana taka keke, ba ya jin abin da yake takawa.

Ni na san wannan ciwo tun ina da kitson ƴan mata. Shi ya ɗauki babanmu, ya dawo ya ɗauki wana. Su biyun an yi musu ƙaho, wai a zuƙe mataccen jini, kuma har suka koma ga Allah tsagar ba ta rufe ba.

Na ja autana lopital, wato asibiti. Lokotoro, likitan ke nan, yaro ne da bai fi ƙarfin in goya shi ba, ya ce gado ne. Wai hanta na zuba wani abu cikin jini, furotin sunansa. Na gidanmu a karkace yake fitowa, ya bi ya lafe a jijiyoyi da hanyoyin jini. In an ji rauni, sai sababbin ƙananan hanyoyi sun tsiro nama ke haɗewa, a masu ciwon nan kuwa ana zaton tsiron ba ya tafiya daidai. Har yanzu ana bincike.

Na ce, "Ɗan nan, gajarce mini. A tsaga ko kar a tsaga?"

"Kar a tsaga, Hajiya."

To, me ya fi wannan sauƙi? Amma ina! Mazan bakin shago kowa lokotoro ne. Direba ya ce sanyi ne, mai shayi ya ce sammu, wanzami kuma ga zabirarsa a rataye.

Wata Juma'a autan nawa ya shigo yana jan wando har ƙasa.

Na ce, "Ɗaga."

"Inna, ƴar tsaga ce. Ko zafi ban ji ba."

"Yo ina za ka ji, shashasha? Ƙafar da ba ta jin keke!"

Damina ta wuce muna wanke gyambo, rani ya bi ta. Daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Mai shayin ya rasu, direban ya koma Maraɗi. Autana na nan, da ƙafa guda yake ɗinki. Wanzamin ma na nan, kullum sai ya ce, "Hajiya, ina kwana?" Har yau ban amsa ba.