Muryar Kawu a Kasuwar Shanu

Jiya ina share tarkacen waya na ci karo da saƙon murya ɗaya tilo da marigayi Kawu ya bar mini. Daga kasuwar shanu ta Dapaong ya aiko shi, kai ka ce shanun Togo kaf sun haɗa baki su danne muryarsa.

A Turai ya ƙarar da ƙuruciyarsa gaban wata na'urar maganaɗisu, yana binciken furotin, sinadarin nan mai gina jiki. Bayan ya dawo gida Komah, muna shan shayi mai ƙamshin citta, na tsokane shi: "Kawu, wai me furotin ɗin yake ce maka?"

"Raɗa yake yi, ɗan nema. Sai ka sanyaya na'urar, ka yi ta sabon awo kana tarawa. Hayaniya tana sauyawa kowane karo, sai ta kashe kanta. Raɗar ba ta sauyawa, sai ta fito."

Na yi ta maimaita saƙon har batir ya nemi afuwa. Banza. Akwai wata saniya a cikin saƙon, kullum a wuri ɗaya take kuka, daidai kan abin da yake gaya mini. Sabon awo ake bukata, mai maganar kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

Ya Mai jin raɗa, Ka ji shi, Ka sanyaya makwancinsa.