Katifar Yaya Lowell da bokitina

Da Yaya Lowell ya ajiye aiki, kwalejin garinmu ta ba shi agogon bango. Agogon bango fa, bayan shekara talatin da shida yana rarrafe a kan katifar kokawarsu! Jaridar gari kuwa ko sunansa ba ta buga ba. Hotona ta buga, ƙafafuna biyu a sama, bokiti a kife a gefe. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarinsa da kaina, ko da zan sake tona wa kaina asiri.

Lowell Brandt yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. A gonar masara muka tashi, a nan jihar Iowa ta Amurka, inda yaro ke koyon kayar da ɗan'uwansa kafin ya koyi ɗaure takalmi. Shi ma ya yi kokawa a sakandare, sai dai bai iya ba. Abin da ya samu kawai kunnuwa ne da suka murɗe kamar soyayyen ƙosai. Da ya gama makaranta ya kama aikin kula da ɗakin wasanni na kwaleji, katifa ta zama matarsa ta fari. Ya san inda ta tsage, ya san inda ta lotsa. Ba ya taɓa ta da tafin hannu, da bayan hannu yake shafa ta kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ba ya magana. In ka ji ya haɗa kalma biyar a jere, to wani ne ya taka masa katifa da takalmin waje.

Alfaharinsa ɗaya ne a duniya: ba a taɓa soke gasa ko ɗage ta saboda katifarsa ba. Ko sau ɗaya.

Ni kuma shekara ashirin da biyu ina wanke wa yaran kayan kokawa, ina goge katifa da ruwan magani kafin kowace gasa. Nawa alfaharin shi ne makero bai taɓa kama fatar yaro ba a hannuna. Ku riƙe wannan, don shi ya kai ni ƙasa.

A shekarar Yaya ta ƙarshe, Koci Hruska ya zo da wata dabara. Ɗakinmu mutum dubu ɗaya da ɗari takwas yake ɗauka, kullum ana korar mutane a ƙofa. Ya ce gasar buɗe kakar wasa da abokan hamayyarmu na ƙetaren kogi, a filin ƙwallo za a yi ta, a sarari, cikin Nuwamba.

Na ce masa, "Koci, kanka ɗaya kuwa? Yara rabin tsirara a wannan sanyi?"

Ya ce, "Darla, ke dai wanke wanduna."

Yaya ya kama aiki. Sati uku yana gwaji. Sanyi yana busar da katifa ta koma kamar katako, salatif ma ya ƙi kamawa. Sai ya ajiye ta a garejin motocin makaranta inda ake kunna hita mai ɗumama wuri, ya shimfiɗa katako a kan ciyawa, ya ce ba za a fito da ita ba sai ƙarfe goma sha ɗaya na ranar, ita kuma gasa ƙarfe ɗaya.

Ranar ta zo, rana tar a sama amma ba zafi ko kaɗan, numfashi na fita kamar hayaƙi. Mutum dubu tara! Tun safe manoma suka cika wurin ajiye motoci da a-kori-kura, suna gasa nama, kowa da bargonsa a kafaɗa. Aka shimfiɗa katifa, aka haɗa ɓangarorinta uku, aka liƙe. Yaya ya juyo gare ni.

"Yau ba ruwa. Na goge ta a ciki."

"Goge ta a gareji? Inda ake zubar da baƙin mai?"

"Ba ruwa, Darla."

Ya tafi ɗauko ƙarin salatif. Na tsaya ina kallon katifar. Maza takwas ne suka ɗauko ta, kuma na san hannayensu, na ga ɗaya yana cin nama yana lasar yatsa. Zuciyata ta ce, namiji me ya sani game da tsabta? Na ce ai ni mai wayo ce, da ruwan zafi zan yi. Na cika bokiti, na zuba magani, na ɗauki mofa ta goge ƙasa, na bi katifa daga wannan gefe zuwa wancan kamar yadda na saba. Har ina jin daɗi tana sheƙi.

Da na juya zan koma in ɗauki bokiti, sai ƙasa ta ƙwace mini. Ban san lokacin da bayana ya daki katifa ba. Ruwan nan duka ya daskare.

A lokacin, in ka kayar da mutum maki biyu ake ba ka, kuma jama'armu ba sa jiran alƙali, su ke faɗa masa. Mutum dubu tara suka miƙe, yatsu biyu a sama, suka ɗauka da murya ɗaya: "Biyuuu!" Wani tsoho a layin gaba ya ƙara da cewa, "Tashi, Darla, kar ki bari katifa ta danne ki!"

Dariya ta tsaya da alƙalin wasa ya zo. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ta zame. Ya dubi agogonsa, sha biyu da kwata. Ya ce wa Koci in ƙarfe ɗaya ta yi katifa ba ta gyaru ba, ko a koma ɗaki a sallami mutum dubu bakwai, ko a ɗage gasar. Ba zai bari yaro ya karya wuya ba.

Sai ga Yaya da salatif a hannu. Ya dubi katifa, ya dubi bokiti, ya dube ni. Da ma zagina ya yi da na ji sauƙi.

Na ce, "Yaya, ni ce. Bari in hau in faɗa musu."

Ya ce, "Ai sun gani."

Mutumin da ko a bikin 'yarsa ya ƙi karɓar makirfo, shi ne ya taka har teburin mai sanarwa ya karɓa. Ya ce, "Ina son hita. Ina son barguna." Ya ajiye.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Manoma suka ruga motocinsu suka kinkimo hitocin gas da suke ɗumama garken maruƙa da su, goma sha huɗu na ƙirga. Barguna kuwa daga benen sama suka riƙa gangarowa hannu zuwa hannu, har da na mutanen ƙetaren kogi, waɗanda ko gaisuwa ba ma yi da su. Yaya ya jera hitoci nesa kaɗan don kar su ƙona katifa. Ƙanƙara na narkewa, muna bi da bargo muna tsanewa kafin ta sake kamawa. Ni da shi a gwiwa, ƙuguna na zogi, wani daga sama yana ihu, "Darla, a bar gefen nan, Lowell ya iya!"

Saura minti shida Yaya ya bi katifa karo na ƙarshe da bayan hannu, kusurwa zuwa kusurwa. Alƙali ya hau, ya murza ƙafa, ya yi tsalle, ya ɗaga hannu. Filin ya ɗauki ihu kamar mun ci kofi.

Ba mu ci ba. An lallasa mu, jama'a suna karkarwa ba bargo, rabin gari suka kwanta mura. Amma an fara ƙarfe ɗaya daidai.

Muna naɗe katifa da yamma na ce, "Yaya, na kusa ɓata maka shekara talatin da shida."

Ya ce, "Kusa." Ya ja tsaki kaɗan. "Amma ta yi tsabta."

Da ya tafi, ni ya bar wa makullin ɗakin katifa, abin da har yau ban gane ba. Shekara shida ke nan, ba a ɗage gasa ba tukuna. In na shiga kanti sayen madara, manyan mutane masu jikoki sai su ɗaga mini yatsu biyu. Ni ma in ɗaga musu. Agogon nan kuwa yana rataye a garejin Yaya, yana latti da minti huɗu, ya ƙi gyarawa.