Ranar da Na Hura wa Na'ibi Numfashi

Na'ibin limamin unguwarmu ya raba ni da ladanci, ya kuma yi mini ƙazafin shan taba. Ni da ko hayaƙin murhu ba na so.

Tun ina saurayi nake kiran salla a masallacinmu na Getso, tun ba lasifika. In na ja kira, mai noma a can ƙarshen gonakin gero sai ya ajiye fartanya. Karatu ban yi nisa ba, allo da boko duk rabi-rabi, amma murya Allah ya ba ni.

Sai ciwon suga ya kama ni. Na sha magani, na bari, na koma saiwoyi, na dawo. Shekaru suka ja, numfashi ya fara gajarta. Wata la'asar kira ya tsinke mini a tsakiya, lasifika ta watsa wa gari hakina kamar na jaki a kan tudu.

Ana sallamewa na'ibi ya juyo. Shi ma yana da suga, har tinƙaho yake yi wai ciwon manya ne. Ya ce, "Jama'a, kar a ɗora wa suga laifi. Suga ƙafa yake ci, da ido. Huhu kuwa sai hayaƙi. Bawan Allahn nan akwai abin da yake zuƙa a ɓoye." Aka kwashe da dariya. Kafin magariba an miƙa lasifika ga ɗan ƙanwarsa, mai murya kamar ƙofar langa-langa.

Har matata ta fara shinshina rigata. Wannan ya fi ci mini rai.

Na hau babur sai asibiti a Gwarzo. Likita ta sa na yi ta hura wani bututu har jiri ya ɗebe ni. Ta ce, "Malam, huhu cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, sun fi gashi siranta. In suga ya daɗe yana hawa sai bangonsu ya yi kauri, iskar da ka shaƙa ta riƙa shan wahala kafin ta shiga jini."

Na ce, "Ko mutum ba ya shan taba?"

Ta ce, "Ko ba ya sha. Abin da ya lalace da wuya ya dawo. Riƙe magani, ka tsare sauran."

Ladanci dai ya tafi ke nan. Saura sunana.

Washegari bayan azahar na tare na'ibi a ƙofar masallaci yana laluben takalmi, jama'a na fitowa. Na dafa kafaɗarsa, na tattara ɗan numfashin da ya rage mini, na hura masa a hanci.

Na ce, "Shinshina, Malam. Daddawa ce, miyar kuka na sha. Lasifika ku riƙe, Allah ya ba kunnuwan unguwa haƙuri. Amma sugan da ke jikina shi ne a naka, kuma bai san rawani ba. Ranar da ka ja salla Fatiha ta tsinke maka a tsakiya, ina sahun gaba. Ni zan fara tambayar jama'a me kake zuƙa."